Maggie Alphonsi: Daga Filin Zari-Ruga Zuwa Gaban Makirufo

Sharhin na yau zai duba rayuwar 'yar wasa bayan ta rataye takalmi, kuma zai yi hakan ne ta hanyar bin sawun mace guda, Maggie Alphonsi, 'yar Ingila mai tushe a Najeriya, wadda ta yi suna a wasan zari-ruga kafin ta koma fashin baƙin wasanni a talabijin, da harkar kasuwanci, da jawabin zaburarwa a gaban jama'a. Maganar da sharhin yake son kafawa guda ce, kuma za a yi ta komawa gare ta: kofi ba ya ciyar da mai shi. Abin da ke riƙe ɗan wasa bayan ƙarfi ya ja baya shi ne sanin da ya tara a fili, in har ya mayar da shi sana'a tun da sauran lokaci.

Da farko ya kamata a bayyana wasan kansa, domin ba kowane mai sauraro ne ya taɓa ganin yadda ake yin sa ba. Zari-ruga wasa ne da ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, wanda ake ɗauka a hannu a ruga da shi, kuma sunan da Turawa ke kiran sa da shi ya samo asali ne daga garin Rugby da ke tsakiyar Ingila, inda ɗaliban wata makaranta suka fara rubuta ƙa'idojinsa a ƙarni na 19. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 15, ana kuma shafe minti 80 ana fafatawa. Babban abin nema shi ne a kai ƙwallo bayan layin abokan hamayya a dangwara shi a ƙasa, wanda ke kawo maki 5. Doka ba ta yarda a jefa ƙwallo gaba da hannu ba, sai baya ko gefe, saboda haka mai son matsawa gaba dole ya ruga da shi ko ya buga da ƙafa, su kuwa abokan hamayya an ba su damar su rungume shi su kayar. Wanda ya san kokawa zai gane rabin wasan nan take, domin iya kamu, da sanin inda nauyin abokin karawa ya karkata, su ne jarin mai tsaro.

A cikin 15 ɗin nan akwai takwas da ake kira 'yan gaba, waɗanda ke haɗa kafaɗu su yi turereniya da takwarorinsu na ɗaya ɓangaren duk lokacin da alƙalin wasa ya ba da umarni. Biyu daga cikinsu suna maƙale ne a gefen turereniyar, kuma wadda ke sanye da lamba 7 ita ake so ta riga kowa ɓallewa, ta cim ma mai riƙe da ƙwallo, ta kayar da ita, ta kuma nemi ƙwacewa. Wannan shi ne gurbin Alphonsi. Masu sauraro su riƙe wannan bayani, domin zai dawo idan an zo kan aikinta na talabijin: mai lamba 7 ba ta da wani amfani in ba ta iya hango inda wasa zai nufa tun kafin ya nufi can ba.

An haifi Margaret Alphonsi a ranar 20 ga Disamba 1983 a unguwar Lewisham da ke kudancin Landan, ta kuma tashi a hannun mahaifiyarta, 'yar Najeriya, a rukunin gidajen hukuma na masu ƙaramin ƙarfi da ke Edmonton a arewacin birnin. An haife ta da murɗaɗɗiyar ƙafa, wato larurar da tafin ƙafar jariri ke juyawa ciki, kuma sai da likitoci suka yi mata aiki kafin ƙafar ta daidaita. Bisa abin da ita kanta ta sha faɗa, yarinya ce marar jin magana a makaranta, kafin malamarta ta motsa jiki, Liza Burgess, wadda ta yi wa ƙasar Wales kyaftin, ta nuna mata hanyar ƙungiyar zari-ruga ta Saracens. Ta fara yi wa Ingila wasa a 2003 tana da shekara 19, kuma kafin ta bari ta buga wa ƙasar wasa 74.

Tarihin nasarorinta sananne ne, saboda haka sharhin ba zai daɗe a kansa ba. Tana cikin zuriyar 'yan wasan da suka ci wa Ingila kofin ƙasashe shida na Turai sau bakwai a jere, daga 2006 zuwa 2012. Sau biyu ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya New Zealand tana hana ta, a 2006 da kuma 2010, sai a karo na uku, a watan Agustan 2014 a birnin Paris, Ingila ta doke Kanada da ci 21 da 9. Tsananin kamunta ya sa aka yi mata laƙabi da Inji. Jaridar Sunday Times ta zaɓe ta gwarzuwar 'yar wasa ta 2010, ƙungiyar marubuta labarin zari-ruga ta ba ta kyautar Pat Marshall, wadda babu macen da ta taɓa samu kafin ita, sannan a 2012 aka ba ta lambar girma ta MBE, ɗaya daga lambobin da fadar Ingila ke bai wa waɗanda suka yi wa ƙasa hidima.

To, jama'a, a nan ne maganar ta fara nauyi. Duk wannan abu da aka lissafa, Alphonsi ta yi shi ne ba tare da albashin ɗan wasa ba. Tun 1995 aka halatta biyan maza albashi a zari-ruga, har manyansu suka mayar da wasan aikin da suke tashi da shi su kwana da shi, amma mata sun ci gaba da yin sa a matsayin sha'awa, suna atisaye da asuba ko da dare, suna neman izini a wurin aiki duk lokacin da ƙasa ta kira su. Tawagar da ta ɗauki kofin duniya a 2014 kyaftin ɗinta, Katy Mclean, malamar firamare ce, Marlie Packer mai gyaran famfo ce, Sophie Hemming kuwa likitar dabbobi. Sai bayan wannan nasara hukumar zari-ruga ta Ingila ta bai wa wasu mata kwantiragi, shi ma don nau'in wasan da ake yi da mutum bakwai-bakwai, saboda shirin gasar Olamfik ta 2016. Kwantiragin dindindin na masu wasan mutum 15 bai tabbata ba sai a watan Janairun 2019, lokacin da Alphonsi ta riga ta shekara huɗu da barin tawagar ƙasa.

Wannan rashin adalci ne, kuma babu dalilin yi masa kwalliya. Sai dai ya haifar da wani abu da ya kamata a lura da shi. Namijin da ya shiga makarantar horon ƙungiya tun yana saurayi, ya yi shekara goma sha yana karɓar albashi, kan wayi gari a shekarunsa na talatin da 'yan kai bai taɓa rubuta takardar neman aiki ba, bai kuma san yadda ake zaman ofis ba. Matan zamanin Alphonsi kuwa dole ta sa sun riƙe sana'a a hannu ɗaya da ƙwallo a ɗaya hannun. Ita ta yi karatun kimiyyar wasanni da motsa jiki a jami'ar De Montfort, ta ƙara digiri na biyu a jami'ar Roehampton, ta yi aikin zaƙulo matasa masu hazaƙa, ta kuma yi aiki da Youth Sport Trust, wata ƙungiyar agaji da ke kai wasanni makarantu, inda ake tura fitattun 'yan wasa su yi wa ɗalibai magana. Tsayawa gaban aji cike da yaran da ba su san ko wace ce ita ba, a kuma riƙe hankalinsu, horo ne da ya fi ƙarfin kowace makarantar koyon magana. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma nata goran an fafe shi ne tun tana tsakiyar wasa.

Akwai kuma wani ɗan gajeren babi da ba a cika ambata ba. Bayan ta bar tawagar ƙasa ta gwada komawa wasan jifan dalma, da niyyar zuwa Olamfik ɗin birnin Rio a 2016, abin bai yiwu ba. An kawo wannan ne domin a nuna cewa hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce kamar yadda takan fito idan ana gabatar da baƙo a dandalin taro.

Yanzu sai a koma kan sana'a ta farko, wato talabijin, wadda ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. A watsa wasa kai tsaye akwai ayyuka daban-daban da mai kallo kan ɗauka abu ɗaya ne. Akwai mai gabatarwa, wanda ke buɗe shiri ya rarraba tambayoyi. Akwai mai ba da labarin wasa, wanda ke bin ƙwallo da baki yana faɗin wa ya ba wa. Akwai kuma mai fashin baƙi, wanda galibi tsohon ɗan wasa ne, aikinsa shi ne ya bayyana dalilin abin da ya faru, wato me ya sa layin tsaro ya tsage, wane ne ya makara da taku ɗaya, me kocin ya nufa da canjin da ya yi. A 2015 Ingila ta karɓi baƙuncin kofin duniya na maza, tashar ITV ta sa Alphonsi cikin masu fashin baƙinta, kuma da haka ta zama tsohuwar 'yar wasa mace ta farko da ta yi wannan aiki a kan wasan maza na ƙasa da ƙasa a talabijin ɗin Birtaniya. Gasar ba ta yi wa masu masauki daɗi ba, domin Wales da Ostireliya sun doke Ingila, ta fita tun a zagayen rukuni, wanda ke nufin cewa mace ce ke zaune cikin waɗanda za su bayyana wa ƙasa inda mazanta suka gaza.

Ana iya tambaya, me ya sa wannan ya zama abin magana? Dalilin shi ne kujerar mai fashin baƙi kujerar iko ce. Wanda ya zauna a kanta an yarda cewa ya san abin da miliyoyin masu kallo ba su sani ba, kuma hukuncinsa yana bin ɗan wasa har gida. Mata sun daɗe a shirye-shiryen wasanni suna gabatarwa ko suna tambayoyi a bakin fili, wato suna tambaya maza suna amsawa. Abin da ya sauya a 2015 shi ne an juya tambayar ta koma gare ta.

Masu adawa sun kawo hujja guda da suka yi ta maimaitawa, cewa wadda ba ta taɓa buga wasan maza ba ba ta da bakin magana a kansa. Hujjar tana da ƙanshin gaskiya a jin farko, domin wasan maza ya fi sauri kuma karon da ake yi a cikinsa ya fi nauyi, amma ba ta tsayawa idan aka matsa ta. Dokokin wasan iri ɗaya ne, faɗin fili ɗaya ne, kuma shawarar da mai lamba 7 ke yankewa cikin ƙiftawar ido, ko ta kai hannu ga ƙwallo ko ta koma layi, ita ce dai shawarar da namiji ke yankewa. Ban da haka, babu mai hana ɗan jarida namiji da bai taɓa sa rigar ƙasa ba yin sharhi, babu kuma mai hana tsohon ɗan wasa namiji yin magana a kan wasan mata, har ma da horar da su. Alphonsi ta buga wasan ƙarshe na kofin duniya sau uku, ta kuma ɗauki kofin, abin da mafi yawan mazan da ke zama kusa da ita a ɗakin shiri ba su yi ba. Duk da haka ta sha bayyana irin zagin da take samu a shafukan sada zumunta, wani saboda ita mace ce, wani saboda launin fatarta, kuma wannan wani haraji ne da abokan aikinta maza farare ba sa biya.

Kada kuma a ɗauka cewa sanin wasa kaɗai ya isa. Da yawa daga gwanayen fili sun zauna gaban kyamara sun kasa, domin abin da jiki ya sani ba lalle ne baki ya iya faɗa ba. Mai fashin baƙi yana da 'yan daƙiƙoƙi ne kawai ya faɗi abu guda mai ma'ana, yayin da mai tsara shiri ke yi masa magana ta na'urar da ke kunnensa, hoton da zai yi bayani a kai yana tafiya, lokacin talla kuma yana matsowa. Dole ya kalli wasannin baya na ƙungiyoyin, ya san sunan kowa da yadda ake furta shi, ya kuma iya sukar wanda jiya-jiya abokin zamansa ne ba tare da cin fuska ba. Wannan sana'a ce da ake koya, kuma shaidar cewa ta koye ta ita ce an ci gaba da kiran ta, a gasar ƙasashe shida ta maza da kofunan duniya da suka biyo baya, har wasu matan, irin su tsohuwar abokiyar wasanta Danielle Waterman, suka shigo ta ƙofar da ta buɗe. Da a ce an ɗauke ta ne don ado, da gasa ɗaya ta isa.

Daga nan sai batun kasuwanci, wanda ba ya buƙatar dogon bayani. Aikin talabijin na wasanni aiki ne na kaka, yana zuwa da gasa ya tafi da ita, kuma tashar da ke da izinin nuna wasa bana tana iya rasa shi baɗi. Saboda haka tsohon ɗan wasa kan mayar da sunansa jari, ya raba shi gida-gida: wakiltar kamfani a tallace-tallace, rubutu a jarida, littafi, da halartar taruka. Alphonsi ta yi rubutu a jaridar Telegraph, ta kuma fitar da tarihin rayuwarta mai suna Winning the Fight a 2023. Tsohuwar kyaftin ɗinta, Catherine Spencer, ta bi wata hanyar, inda ta kafa kamfanin Inspiring Women, wanda ke haɗa mata masu jawabi da masu shirya taro, wato ta zama dillaliya a kasuwar maimakon haja kawai. Haɗarin irin wannan kasuwa a fili yake: suna kaya ne mai tsufa, kowace shekara sabbin gwanaye suna fitowa, kuma wanda ba shi da abin faɗa sai labarin kofinsa zai ga gayyata tana raguwa. Kofi ba ya ciyar da mai shi.

Abin da ya bambanta Alphonsi da da yawa daga takwarorinta shi ne ta nemi kujera a inda ake yanke shawara. A 2016, shekarar da aka sa sunanta a zauren tunawa da gwarazan zari-ruga na duniya, an zaɓe ta cikin majalisar hukumar zari-ruga ta Ingila, hukumar da aka kafa tun 1871, wadda ba ta haɗe da hukumar mata ba sai a 2012. A 2020, lokacin da kisan George Floyd a Amurka ya ta da muhawara kan wariyar launin fata, ta fito fili ta ce ita kaɗai ce baƙar fata a wannan majalisa, ta kuma bayyana rashin natsuwarta da waƙar Swing Low, Sweet Chariot, wadda magoya bayan Ingila ke rerawa a filin Twickenham alhali tushenta na komawa ga zamanin bautar da baƙaƙe a Amurka. Irin wannan magana ba ta ƙara wa mutum farin jini a wurin masu ba da kwangila, kuma mai neman kasuwa kawai da ya yi shiru.

Saura sana'a ta uku, jawabin zaburarwa, kuma a nan sharhin zai ɗan ja birki. Abin da ake nufi da wannan sana'a shi ne kamfani, ko makaranta, ko ma'aikata ta gayyato wani da ya yi fice, ta biya shi, ya yi wa ma'aikata ko ɗalibai magana a kan shugabanci, da aiki tare, da juriya bayan faɗuwa. Yawanci akwai kamfanin dillanci a tsakani, wanda ke ajiye jerin masu jawabi ya kuma cire kasonsa. 'Yan wasa suna da kasuwa a nan domin labarinsu yana da farko da ƙarshe, yana da ci da rashin ci da kowa ya gani da idonsa, saɓanin aikin ofis da ba a cika sanin ranar da aka yi nasara ba. Labarin Alphonsi kuwa kamar an yanka shi ne don wannan dandali: jaririyar da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa, yarinyar gidajen talakawa da ta gagari malamai, wadda ta faɗi sau biyu a wasan ƙarshe kafin ta ci a na uku.

Amfanin irin wannan jawabi ba abin musu ba ne. Yarinyar da ba ta taɓa ganin mai kama da ita a wani matsayi ba, ganin ido yana faɗaɗa mata abin da take zaton zai yiwu, kuma gani ya kori ji. Akwai ma darasi na zahiri da wasan ke bayarwa, domin a zari-ruga gajere da dogo, mai ƙiba da siriri, kowa yana da gurbin da babu mai iya cike masa, wanda manajan da ke haɗa ma'aikata zai amfana da jin sa daga bakin wadda ta rayu a ciki.

Amma sana'ar tana da wani rauni da ya kamata masu sauraro su sani. Wanda ya yi nasara ne kaɗai ake gayyata. Ɗaruruwan matan da suka yi atisaye iri ɗaya, suka jure iri ɗaya, sannan rauni ko rashin kuɗin mota ko rashin izini daga wurin aiki ya tsayar da su, babu mai ba su makirufo. Idan aka saurari mai nasara shi kaɗai, sai a ɗauka cewa himma ce duka sirrin, wanda ya gaza kuma shi ya so. Kamfanoni suna son wannan saƙo, domin ya fi sauƙi a ce wa ma'aikaci ya ƙara juriya da a ƙara masa albashi ko a rage masa nauyi. Alhali idan aka karanta tarihin Alphonsi da idon basira, za a ga hannaye da yawa a ƙarƙashin jinkar: likitocin da suka gyara ƙafa, uwar da ta tsaya ita kaɗai, malamar da ta ga ƙarfi a inda wasu suka ga fitina, da ƙungiyar da ke kusa da gida wadda ta riga ta buɗe sashen mata. A cire ɗaya daga ciki, da wuya a ce labarin zai ƙare a Paris.

Adalci ya wajabta a ce ita kanta ba ta ɓoye waɗannan hannaye, domin sunan Liza Burgess ba ya barin bakinta idan tana ba da tarihinta. Hukuncin wannan sharhi shi ne jawabinta ya samu nauyi ne daga sauran ayyukan biyu. Da jawabi kaɗai take yi, da ta zama mai sayar da tsohon labari. Amma mai sauraronta ya san cewa a makon da ya wuce ya gan ta tana warware wasa a talabijin, ya kuma san ta zauna a majalisar da ke tattauna makomar wasan, saboda haka idan ta ce a buɗe wa mata ƙofa, magana ce daga wadda ta tura ƙofar da kafaɗarta.

Kafin a rufe, ya dace a dubi inda aka kwana. A ranar 27 ga Satumba 2025 matan Ingila sun sake doke Kanada a wasan ƙarshe na kofin duniya, wannan karo a babban filin Twickenham, a gaban mutum fiye da 81,000, alhali wasan ƙarshe na 2010 da Alphonsi ta buga an yi shi ne a ƙaramin fili da ke maƙwabtaka da shi, a gaban kimanin 13,000. A shekarar ce kuma Deborah Griffin, ɗaya daga mata huɗu da suka shirya kofin duniya na mata na farko a Wales a 1991, ta zama mace ta farko da ta shugabanci hukumar zari-ruga ta Ingila. 'Yan wasan yanzu suna da albashi, abin da na baya suka yi ta nema. Sai dai albashin bai kai wanda za a ajiye a ci har tsufa ba, kuma ya zo da sabuwar matsala, domin wadda ta shiga wasa a matsayin cikakken aiki tun tana budurwa za ta iya fita ba tare da sana'ar da dole ta koya wa zuriyar Alphonsi ba. Kujerun talabijin kuma ƙalilan ne, ba za su ɗauki duk wadda ta yi ritaya ba.

Kira na ƙarshe ga masu sauraro ne, musamman iyaye da malaman makaranta da masu horar da matasa. Duk wanda yake da yaro ko yarinya mai hazaƙar wasa a hannunsa, ko ƙwallon ƙafa ne ko guje-guje ko kokawa, ya tambaye shi tun yau wane karatu ko wace sana'a yake riƙe da ita a ɗaya hannun, ya kuma ba shi dama ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya bayyana musu wasan da aka buga da bakinsa. Masu tashoshin rediyo da talabijin kuwa, idan za su haɗa masu fashin baƙi a gasa ta gaba, su nemi tsofaffin 'yan wasa mata su gwada su a kan kujerar.